Yaji da Biko: Tarihin Baƙin Cikin Aure a Ƙasar Hausa

Auren Bahaushe na dauri, wato wanda aka sani tun kafin zuwan Turawa har zuwa shekarun farko na mulkinsu, ba a gina shi bisa tsammanin cewa miji ne zai share wa matarsa hawaye duk lokacin da ranta ya ɓaci ba, haka nan ba a sa ran mace ta zama wadda maigida zai buɗe wa cikinsa idan duniya ta yi masa zafi. Kunya ce ke tsaye tsakaninsu, domin mace ba ta kama sunan mijinta, ba sa cin abinci a akushi ɗaya, kuma yawancin yini shi yana gona ko kasuwa ko zaure, ita tana tsakar gida tare da kishiyoyi da facaloli, wato matan 'yan'uwan mijinta, sai dare ya yi sannan su haɗu a turaka idan ranar girkinta ce. Akwai ƙauna a irin wannan zama, kuma tana da yawa, sai dai ƙuncin da ba a raba kowane aure da shi, irin wanda ke sa mace ta yi tagumi ta rame alhali ba wanda ya zage ta, an tanadar masa mafita a wajen ɗakin ma'aurata. Yadda aka tsara waɗannan hanyoyi, da yadda suka riƙa toshewa ɗaya bayan ɗaya a cikin ƙarni na 20, shi ne kashin bayan tarihin baƙin cikin aure a ƙasar Hausa.

Al'adar biki kanta ta yarda tun daga ranar farko cewa aure yana zuwa da rashi. Yarinya 'yar shekara 13 ko 14 ake ɗauka daga ɗakin uwarta a kai ta gidan da ba ta saba da kowa ba, don haka kukan amarya abu ne da ake tsammani, har ana ganin baiken wadda idonta ya bushe, ƙawayenta kuma sukan raka ta su ɗebe mata kewa na 'yan kwanaki kafin su watse, sannan sai ango da abokansa sun biya kuɗin sayen baki, wato kyautar da ake bayarwa kafin amarya ta yarda ta yi magana. Nasihar da iyaye ke sallamarta da ita ba ta wuce biyayya da haƙuri da riƙe sirri ba, ana tuna mata cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wannan nasiha ce aka fi tunawa a yau, har wasu suka ɗauka ita ce iyakar abin da magabata suka sani game da zaman aure, alhali mutanen da suka ce a yi haƙuri su ne kuma suka bar ƙofar yaji a buɗe.

Yaji shi ne mace ta bar gidan mijinta cikin ɓacin rai, ba tare da an sake ta ba, ta tafi gidan iyayenta ko na wani babba a danginta, kamar kawu ko gwaggo ko waliyyin da ya ba da aurenta, kuma yana da ƙa'idojin da kowa ya sani ko da yake ba a taɓa rubuta su ba. Mai yaji takan fita da mayafinta da goyon da ke bayanta, ta bar jerenta, wato ƙorai da tasoshi da kwanukan da aka ƙawata ɗakinta da su, a inda suke, domin kwashe kayan ɗaki alamar mutuwar aure ce, barinsu kuwa saƙo ne ga miji da danginsa cewa igiya ba ta tsinke ba. Idan ta isa gida, a gidan da ake da dattako, ba a tsare ta da tambaya nan take. A ba ta ruwa, a dama mata fura, a bar ta ta kwana a ɗakin uwarta ko kakarta, sai hankalinta ya dawo jikinta sannan wata dattijuwa ta zaunar da ita ta ji ta bakinta. Shi kuma miji ya zama dole ya yi biko, wato ya bi sawunta da kansa ko ya tura wakili, galibi babban abokinsa ko wansa ko wani dattijon unguwa, ɗauke da goro da ɗan abin hasafi kamar zane ko turare, a shimfiɗa tabarma a zaure a baje magana. Mijin da ya ƙi biko ya nuna wa duniya ba ya bukatar auren, wanda kuma ya zo, tilas ya ji laifinsa daga bakin surukai, mutanen da yake jin nauyinsu fiye da kowa, waɗanda ko ido ba ya iya haɗawa da su balle ya yi musu gardama.

Hikimar wannan al'ada ita ce ba sai an yi babban laifi ake yaji ba. Sau da yawa abin da ke fitar da mace tarin ƙananan abubuwa ne da babu wanda zai iya kai ƙara a kansu ɗaya ɗaya: tauye mata rabon kwana, gorin haihuwa daga uwar miji, ƙarancin cefane, rawar kan da maigida ke yi tun da aka kawo amarya, ko kuma tsantsar kewar gida. Yaji yakan mayar da abin da ke cin mace a zuci ya zama maganar dangi biyu, ya ba ta kwanaki na hutu daga murhu da turmi, ya kuma sa miji ya tako ya nemi ta dawo, wanda shi kansa magani ne ga wadda ta fara jin ba ta da daraja a gidan. Sai dai bai kamata a yi wa al'adar kwalliyar da ba tata ba. Akwai uban da ke kora 'yarsa ta koma a daren da ta zo don kada a ce bai iya tarbiyya ba, akwai macen da yawan yaji ya jawo mata sunan marar haƙuri, sannan marainiyar da ba ta da gata da wadda aka kai aure gari mai nisa ba su cika samun inda za su ba. Sa-ɗaka kuwa, wato baiwar da ubangidanta ya mayar ta ɗaki, wadda aka raba da danginta tun ranar da aka kamo ta, ba ta da yaji ko kaɗan, kuma irinta suna da yawa a manyan gidajen ƙarni na 19.

Alƙalan ƙasar Hausa suna hukunci ne da mazhabar Malikiyya, suna dogaro da littattafai irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, kuma malamai ba su taɓa yarda da fitar mace ba da izinin mijinta ba. Duk da haka zaman biko ya yi kusa ƙwarai da abin da aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni da shi, na a tsayar da mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata, idan an ji tsoron ɓaraka, shi ya sa al'adar ta zauna lafiya a gefen shari'a tsawon zamani. Idan sulhu ya faskara, Malikiyya ta ba alƙali ikon raba aure saboda cutarwa, mace kuma tana iya neman hul'i, wato ta mayar da sadaki ta fanshi kanta. Baba ta Karo, dattijuwar ƙasar Zazzau da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a garin Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka kuma buga shi da Turanci a 1954, ta yi aure huɗu, na farkonsu auren zumunci ne da ta karɓa don biyayya ga manya, kuma ba ta ba da labarin fita daga wani aure zuwa wani a matsayin abin kunya ba. Ba ta taɓa haihuwa ba, amma dangi sun ba ta 'ya'ya riƙo, wanda shi ne maganin da al'ada ta tanadar wa mafi ɗacin baƙin cikin matar aure: a ɗauki ɗan 'yar'uwa ko na ɗan'uwa bayan yaye a sa shi a ɗakinta, ta raine shi, ta aurar da shi, ya kira ta uwa.

Haihuwa ma tana da tata mafitar. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta ta haihu a can, ta yi wankan jego na kwana 40, safe da yamma, da tafasasshen ruwa da ganye, ana ba ta kunun kanwa da nama mai yaji, wata tsohuwa tana kula da ita da jaririn. Likitocin da suka yi aiki a Zariya a shekarun 1970 sun danganta zafin ruwan da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi da yawan kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego, kuma gargaɗinsu yana kan hanya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a makonnin da ƙunci ya fi saurin kama mace, wato bayan haihuwa, al'ada ba ta taɓa barinta ita kaɗai da jariri ba.

A zaman yau da kullum kuwa, ƙawa ce wurin ajiye sirri. Ƙawance a da ƙulli ne da ake yi da sanin mutane ta hanyar musayar kyauta, kowacce tana kai wa 'yar'uwarta gudummawa ranar suna ko aure, ita ma ta rama da abin da ya fi, akwai kuma ƙanwar rana, wato yarinyar da babbar mace ta ɗauka kamar ƙanwa tana ja mata gora. Aiki ma yana ba da damar amayar da abin da ke ciki. Mace tana durƙushe gaban dutsen niƙa da asuba, ko suna lugude su biyu ko uku a turmi ɗaya, ko an taru ana daɓen sabon ɗaki, takan rera waƙa ta saka habaici ga kishiya ko uwar miji ko maigidan kansa, kowa ya ji, kowa ya gane, amma ba mai ikon tuhumarta tunda ba ta kama suna ba. Daga wannan tushe kiɗan ƙwarya da amada suka fito, inda mata zalla ke kifa ƙorai, wasu a kan ruwa, suna kaɗawa suna rawa a cikin gida, kuma har zuwa rasuwarta a 2013 Barmani Choge ta Funtuwa tana faɗa wa matan aure a bainar jama'a abin da suke raɗa wa juna a ɗaki, game da kishi da haihuwa da wajibcin kama sana'a.

Idan abin ya wuce nan, mace ta daina barci, ta daina cin abinci, tana yawan kuka ko ɓari, an yi rubutu an sha saiwa ba sauƙi, sai a ce iska ta taɓa ta, a nan kuma bori ke shigowa. Girka, wato zaman magani da shigar da mutum cikin bori, yakan ɗauki kwanaki ana keɓe da marar lafiya a hannun wata gogaggiyar 'yar bori, ana kaɗa garaya ko goge ko ƙwarya har iskar da ake zargi, ko Ɗan Galadima ne ko Sarkin Rafi ko Doguwa, ta hau ta faɗi bukatarta, wadda takan zama zane mai wani launi ko turare ko dabbar yanka, kuma miji ne ke biya. Hukuncin malamai a kan wannan aiki, wato hani, a fili yake, kuma tambayar mai nazarin tarihi daban ce: wace bukata ce ta sa ya ƙi mutuwa duk da ƙarni biyu na wa'azi? I. M. Lewis, a littafinsa na 1971, ya ɗauki irin wannan hawan iska a matsayin hanyar da marasa murya ke tilasta wa masu iko su saurare su, ita kuwa Adeline Masquelier, wadda ta yi bincike a Dogon Dutsi ta Nijar ta kuma buga littafinta a 2001, ta nuna cewa su masu abin sun yi imani da shi ne haƙiƙatan, don haka rage shi zuwa dabarar mata zalunci ne gare su. Ko ta wace fuska aka duba, matar da aka manta da ita a ƙuryar ɗaki takan wayi gari gida duka yana hidimarta, ta kuma samu ƙungiyar mata da za ta riƙa zuwa wurinsu har ƙarshen rayuwarta.

Jagororin jihadin 1804 sun fahimci cewa hani kaɗai ba zai raba mata da bori ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Nurul Albab, ya soki malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda mata daga ƙauyuka ke tasowa ƙungiya ƙungiya ƙarƙashin jagorar da ake kira jaji, su zo su koyi karatu da waƙoƙin addini su koma su koyar. Malfar da take naɗa wa jaji ita ce alamar Inna ta Gobir, shugabar bori ta masarautar da aka ci da yaƙi, wato ta karɓi tafiya da taro da shugabancin mata ta sauya musu alƙibla. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani, kuma marsiyyar da ta yi wa aminiyarta A'isha ta nuna cewa malama mai daraja irin tata ba ta ga aibi ga bayyana zafin rashi ba. A Maraɗi da Tsibiri, inda sarakunan Katsina da na Gobir suka koma bayan jihadi, sarautun Iya da Inna sun ci gaba da riƙe bori a fada.

Sauyin da ya fi girma ya zo ne ta inda ba a zata ba. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, bauta ta riƙa ja da baya har aka soke ta gaba ɗaya a Arewa a 1936, matan da a da ake fitar da su noma suka ga cewa zama a cikin gida shi ne shaidar 'yanci, sai auren kulle, wanda a da ya fi yawa a gidajen malamai da sarakuna da attajirai, ya bazu har ƙauyuka. Kulle na wancan lokaci bai zama kaɗaici ba, domin gidan gandu cike yake da mata, yara kuma suna kai saƙo da talla daga gida zuwa gida, kamar yadda Enid Schildkrout ta nuna a binciken da ta yi a Kano a shekarun 1970. Amma injin niƙa ya kashe dutse tare da waƙarsa, shirin ilimin firamare na bai ɗaya na 1976 ya kwashe yara da safe, aikin albashi ya kai ma'aurata kwatas da gidajen haya a Kaduna da Legas inda ba gwaggo ba kaka, wa'azin da ya ƙarfafa bayan kafa Izala a Jos a 1978 kuma ya rage kiɗa da yawan bukukuwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da alherinsa, wasu ma alherin ya fi yawa, amma haɗuwarsu ta bar matar aure da bango huɗu da rediyo, kamar tukunyar da aka rufe ruf aka bar ta a kan wuta.

Littattafan soyayya sun cike wani ɓangare na wannan giɓi. So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid ya fito a 1980, Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, labarin uwargidan da miji ya wulaƙanta ya kore ta da 'ya'yanta saboda sabuwar mace. Mata sun riƙa ara wa juna waɗannan littattafai ta kan katanga, suna ganin rayuwarsu a rubuce, hukuma kuwa ta zarge su da ɓata tarbiyya har aka ƙona wasu a bainar jama'a a Kano a 2007. Littattafan, da finafinan da suka biyo bayansu, sun kuma dasa wani sabon buri, na miji ya zama aboki kuma abokin hira, mai lura da sauyin fuskar matarsa ya tambaye ta abin da ke damunta. Buri ne mai kyau, yana kuma da madogara a halin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da iyalinsa, sai dai ya ɗora wa mutum ɗaya nauyin da a da dangi da ƙawaye da unguwa ke rabawa, kuma an ɗora shi ne a kan namijin da aka tarbiyyantar cewa sakin fuska ga mace rauni ne.

Baƙin cikin mijin kansa shi ne wanda tarihi ya fi yin shiru a kai. Namiji ba ya yaji, ba ya kuka a gaban mutane, mafakarsa majalisar ƙofar gida ce da masallaci da babban aboki, ko ya fake da fatauci da cin rani ya yi watanni ba ya gari. Tun daga shirin gwamnati na tsuke bakin aljihu a 1986, lokacin da albashi ya daina kai wata, magidanta da yawa sun san zafin fita da safe ba a bar kuɗin cefane ba, kuma wannan kunya takan fito ne da siffar faɗa ko ɗaurewar fuska ko dawowa gida sai dare ya raba, wani lokaci ma da saki cikin fushi wanda ake nadamarsa kafin gari ya waye. Hukumar Hisba ta Kano, da aka kafa a 2003, ta gaji wani ɓangare na aikin zauren biko, tana sulhunta ma'aurata kullum, a 2012 kuma ta fara aurar da zawarawa a taro guda da tallafin gwamnati, amma ofis yana sauraron ƙara ne mai laifi da shaida, kamar duka ko hana abinci, ba tarin ƙananan abubuwan da ke fitar da mace yaji ba.

Likitancin zamani ya makara wajen shiga wannan fage. A 1953 J. C. Carothers ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoton da ya ce ciwon damuwa, wato ƙuncin da ke zaunawa makonni ya hana barci da ci da jin daɗin komai, bai cika kama baƙar fata ba, sai aikin Thomas Adeoye Lambo a Aro ta Abekuta daga 1954, da binciken da shi da abokan aikinsa suka buga a 1963, suka taimaka wajen rushe wannan zato. Har yanzu mai irin wannan ciwo a ƙasar Hausa takan kai kukan jiki ne, ta ce zuciyarta na zafi, kanta na nauyi, jiri na ɗibarta, sai a yi ta ba ta maganin zazzaɓi ko na gyambon ciki, ko a kai ta wurin mai ruƙiyya, domin asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Dawanau sunan asibitin mahaukata jama'a suka laƙaba musu, kuma ba mijin da ke son a ga matarsa a ƙofarsu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta nemi a shigar da wannan kulawa cikin ƙananan asibitoci, kuma ga matar aure a nan maganar take, domin awon ciki da rigakafin yara su ne fitar da mazaje da yawa masu tsananin kulle ke yarda da ita, ma'aikaciyar jinyar da ke ɗaura mata abin awon jini kuwa tana da damar ta tambaye ta yaya barci, yaya cin abinci, yaushe rabonta da zuwa gida.